"Ba ta komai, tana gida": wa ke riƙe da gidan Bahaushe a yau?

A layinmu akwai wani magidanci mai tuƙa adaidaita sahu. Kwanakin baya ana cike masa takardar neman tallafi a ƙofar gida, sai mai cikewar ya zo kan gurbin sana'ar iyali, ya ce, "Malam, mai ɗakin naka me take yi?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Ba ta komai, tana gida." Aka rubuta haka.

Na san gidan. Matar nan kafin kiran assalatu ta kai markaɗen wake, kafin yara su tafi makaranta ta gama suyar ƙosai da damun koko. Da hantsi ta ɗora awara. Tsakanin azahar da la'asar, in ta samu ta zauna, hula ce a hannunta tana ɗinki. Ita ce uwar adashin mata goma sha biyu a layin. Bara da injin babur ɗin mijin ya buga, kwasar adashinta ce ta tashe shi. Kuma mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, ba kuma mai raina matarsa ba ne. Amsar da ya gada ya bayar. A bakinmu, aiki shi ne abin da ake saka riga a fita a yi, a dawo da yamma. Abin da aka yi a tsakar gida, ko da shi ne ke ciyar da gidan, sunansa "'yan dabaru".

Gardamar matsayin mace da namiji ta cika gidajen rediyo da Facebook, kuma kusan kullum ana yin ta kamar dambe tsakanin malaman addini da 'yan boko. Ni a ganina ciwon ya fi kusa da mu fiye da haka. Akwai tsohuwar yarjejeniya da aka gina auren Bahaushe a kanta: namiji ya fita ya nemo, mace ta zauna ta sarrafa ta kula da yara. A gidaje masu ɗimbin yawa wannan yarjejeniya ta daɗe da sauyawa a aikace, amma bakinmu bai sauya ba. Tazarar da ke tsakanin abin da muke faɗi da abin da muke yi ita ce ke cin mata, ita ce ke cin maza, kuma ta fi cin 'ya'ya mata ƙanana.

Mu fara da abin da muke kira aikin mata: girki, wanki, ɗebo ruwa, ɗinki. Fita bakin titi a kowane gari, daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Garwa. Wa ke soya ƙwai da indomi a teburin shayi? Namiji. Wa ke yanka albasa yana barbaɗa yaji a kan tsire? Namiji. Wanki da guga sana'ar maza ce, 'yan garuwa maza ne, kuma mafi yawan telolin da ke ɗinka wa amare kayan biki maza ne. Babu wanda ke cewa mazantakarsu ta ragu. Amma mai shayin da ya yini yana wanke kofuna, in ya dawo gida ya tarar matarsa na fama da zazzaɓi, zai yi jim kafin ya ɗauki ludayi, don kada wani ya leƙo ya gani. Tukunyar ɗaya ce, wutar ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne a waje ana biya kuma ana gani, a gida kuwa babu ko ɗaya.

Abin da ke tsare shi tsoron suna ne. Mijin-ta-ce. An shanye shi. Ta mallake shi. Kuma in za a faɗi gaskiya, masu jifa da waɗannan sunaye ba maza kaɗai ba ne. Sau da yawa uwar miji ce ko yayarsa za ta shigo ta gan shi da goyon jariri ko yana hura gawayi, ta tafa hannu ta yi salati kamar an yi mutuwa. Matan da wannan tsari ya gajiyar su ne kuma masu gadinsa, saboda a cikinsa aka tarbiyyantar da su, kuma wadda ta sha wuyarsa shekara talatin ba ta cika son ganin surukarta ta samu sauƙin da ita ba ta samu ba.

Ana yawan cewa haka muka taras, haka kaka da kakanni suka yi. Tarihi bai goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. A karkarar ƙasar Hausa mata sun yi noma. Bayan gandun gida akwai gayauna, wadda a yankin Maraɗi ake kira gamana, ƙaramar gonar da amfaninta na mai ita ne, kuma har yau a ƙauyukan Nijar da yawa da kuma tsakanin Maguzawa mace na riƙe da fartanya. Kulle a da ya fi ƙarfi a gidajen sarauta, malamai da attajirai, waɗanda ke da bayi masu zuwa gona da rafi. Masu binciken da suka zauna a ƙasar Zazzau wajen 1950, irin su M. G. Smith, sun nuna cewa kulle ya bazu cikin talakawa ne bayan bauta ta mutu, wadda dokar Turawa ta kammala sokewa a Arewa a 1936. Matan da aka 'yanta sun bar gona saboda noma ya zama tambarin baiwa, zaman ɗaki kuma ya zama alamar 'ya mai 'yanci. Wato abin da muke ɗauka daɗaɗɗen abu ne, a gidajen talakawa da yawa bai wuce shekara ɗari ba, kuma mata da kansu suna cikin waɗanda suka zaɓe shi, don a lokacin ɗaukaka ce.

Sai dai shigarsu ɗaki ba ta raba su da neman kuɗi ba. Kasuwa ce ta bi su ciki. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta tarar da ciniki mai yawa, har da na hatsi, yana gudana daga gida zuwa gida ta hannun matan da ba sa fita. Kaɗi, man gyaɗa da ƙuliƙuli, fura, daddawa, kitso, kiwon awaki, dillanci: wata babbar kasuwa ce marar rumfa. Yau ta koma waya. Matar da ba ta taɓa taka Kantin Kwari da niyyar ciniki ba tana sayar da atamfa, turaren wuta da humra ta WhatsApp, kuɗi na shigowa asusunta, ɗan aike na kai kaya Abuja.

To amma kasuwar da ba ta da ƙofa dole ta samu ƙafa, kuma ƙafarta ita ce yarinya. Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Tunda mun ce babbar mace ba ta fita, kuma mun ƙi yarda cewa sana'arta sana'a ce da ke buƙatar shago ko ɗan aiki, sai muka ɗora farantin a kan 'yar shekara tara. Ita ke shiga tasha, gareji da kangon gini, wuraren da muka ce ba su dace da uwarta mai shekara talatin da biyar ba. Ita ke rasa darasin safe. In ka tambayi uwar, za ta ce da ribar tallan za a yi wa yarinyar kayan ɗaki, kuma gaskiya ta faɗa, domin al'ada ta ɗora wa uwa gado, katifa, kwanuka da gara, ba ta kuma tanadar mata hanyar samun kuɗin ba sai wannan. Mun tsare mutuncin uwa da abin da ya fi mutuncin tsada. Duk wanda ke wa'azi a kan illar talla bai taɓo wannan ƙulli ba, ganye yake sara ya bar saiwa.

Game da addini kuwa, abin da ke cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure ya fi abin da ake faɗa a majalisa faɗi. Ciyarwa, tufatarwa da muhalli wajibin miji ne, wannan babu saɓani. Dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar nan suka dogara da shi ƙarni da ƙarni, ya ce in miji na da hali kuma matar irin wadda ake yi wa hidima ce, to samar da mai hidima na kansa. In ba haka ba, hidimar cikin gida irin kwaɓa gari, shara da shimfiɗa na kanta, amma ban da kaɗi da saƙa, domin waɗannan neman kuɗi ne, ba a tilasta mata ta yi wa miji su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna cika musu kunne da biyayyar miji ba tare da sanar da su haƙƙin Allah ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, ta naɗa jajjaji mata masu malafa suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Kuma Buhari ya ruwaito cewa da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wanda ya kira mai taya matarsa aiki mijin-ta-ce, ya kamata ya san inda maganarsa ke dosa.

Yanzu bari mu juya ga namiji, don ana yawan mantawa cewa shi ma an ɗaure shi. An gaya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka, namiji cijewa yake yi. An auna darajarsa da abu guda: abin da ya ajiye na cefane da safe. Wannan ma'auni yana da kyau muddin akwai abin ajiyewa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya; litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A 2024 hauhawar farashi ta zarce kashi 30 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin shekarar naira 70,000 ne, alhali akwai watannin da buhun shinkafa ɗaya ya fi haka. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya shida, ko malamin firamare ne ko ɗan dako, lissafinsa ba ya fita. Ba lalaci ba ne, lissafi ne.

Me mutum zai yi in abin da aka ce shi ne mazantakarsa ya gagare shi, kuma an hana shi faɗi? Wani ya fice tun duku-duku kafin a tambaye shi kuɗin koko, ya raba dare a majalisa sai yara sun yi barci. Wani ya mayar da kunyarsa faɗa, abu kaɗan ya hau zagi ko duka. Wani ya tafi cirani Legas ko Fatakwal, waya ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Wani ya yanke igiyar da saki, don saki ya fi sauƙin furtawa a kan "ba ni da shi". Na sha zama da irin waɗannan maza, kuma abin da na fi gani a idonsu tsoro ne. Saurayi kuma tun kafin ya shiga an tare shi da akwatunan lefe, kuɗin gaisuwa da na kamu, in ya kasa a kira shi tuzuru, da azumi 'yan tashe su yi masa waƙar gwauro.

Gwamnatoci sun ga alamar ciwon. Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, a Oktoban 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 a lokaci guda, da gado da katifa da ɗan jari ga amare. Wannan jarin da ake ba amarya shi kansa amincewa ce cewa aljihun ango kaɗai ba zai riƙe gidan ba. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da halin ciyarwa ƙara aure, aka yi masa ca. Har yau tambayar da ya ɗaga tana nan: in ciyarwa ce hujjar shugabancin namiji a gida, yaya za a yi da wanda ke riƙe da shugabancin ya saki ciyarwar?

Inda talauci ya fi tsanani, amsar ta fito fili da muni. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga yankin Kantche suke, a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. Waɗannan mata ba 'yancin fita suka tafi nema ba, abin da za a ci suka tafi nema, da goyo a baya. Haka zawarawan da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya bari a Borno, Zamfara, Katsina da Sakkwato: su ne uwa su ne uba, amma tsarinmu na gado, na hayar gida, na rabon taki da bashin noma har yanzu yana tambayar ina maigidan.

Mace mai albashi kuma nata kalar daban. Ta tashi ta yi abin kari, ta shirya yara, ta yini a aji ko a asibiti, ta dawo ta ɗora tuwo, miji na zaune da waya yana jiran a kawo ruwan wanka. An ƙara mata aikin waje, ba a rage mata na ciki ba. A wasu gidajen katin cirar kuɗinta na aljihun miji, sharaɗin barinta aiki ke nan. Maza su ma suna da ƙorafi, kuma ba na watsar da shi: suna cewa matan yanzu kuɗinsu nasu ne, kuɗin miji na kowa. A shari'a haka ɗin ne, ba a wajabta mata ko ƙwayar gero ba. Amma Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta tambaya ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadakarta, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Abin da mace ta sa a gida alheri ne, kuma alheri godiya yake so. Abin da ke ɓata shi shi ne a karɓa a ɓoye, a musanta a fili, sannan a ce wajibinta ne.

Akwai wani saɓani da muke yi da kanmu wanda ke kashe rai kai tsaye. Magidanci zai ce namiji ba zai duba matarsa ba in haihuwa ta zo, kuma ina fahimtar kishinsa. Shi ɗin ne kuma zai cire 'yarsa daga aji uku na sakandare ya ce boko ba na mace ba ne. To likita mace da ungozomar asibiti daga ina za su fito? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar kason. Wanda ke son mace ta duba matarsa, dole wani ya bar 'yarsa ta yi shekara shida a jami'a tana karatun likita.

A siyasa ba sai na daɗe ba. Matan kudancin Najeriya sun fara jefa ƙuri'a tun shekarun 1950, na Arewa sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Yau ranar zaɓe layin mata ya fi tsawo a rumfuna da yawa, amma a kujeru 109 na Majalisar Dattawa ta goma mata ba su wuce huɗu ba, kuma a Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata. Nijar tun 2000 ta kafa dokar kaso, ta fara da kashi 10 na kujerun zaɓe, ta kai shi 25 a 2019. Mun yarda mace ta zaɓa, ba mu gama yarda a zaɓe ta ba.

Masu tsoron sauyi suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Suna cewa in uwa da uba duk sun fita, waya da 'yar aiki ne za su yi tarbiyya. Suna cewa akwai ofisoshi da makarantun da ake cin zarafin mata, kuma gaskiya ne. Akwai kuma matan da da zuciya ɗaya suka zaɓi zaman gida da renon 'ya'ya, kuma ba na son 'yar boko ta dube su a raine, domin abin da suke yi aiki ne mai nauyi da babu albashin da zai biya. Amma duk waɗannan hujjoji suna kira ne ga uba ya ƙara shiga tarbiyya, a tsaftace wuraren aiki, a girmama aikin gida. Babu ɗayansu da ke cewa a ci gaba da renon ɗa namiji yana ƙwallo a waje ƙanwarsa na wanke kwanon da ya ci, har ya girma bai iya dafa wa kansa ruwan zafi ba, ranar da matarsa ta kwanta asibiti gidan ya tsaya cak.

Bayan an gama cike takardar nan, da yamma na aika a karɓo mini awara, sai na tsaya daga zaure muka gaisa da matar. Na ce, "Maman yara, yau na ji an ce ba kya komai." Ta yi 'yar dariya daga bayan labule ta ce, "To Malam, in ya ce ni ke riƙe da rabin gidan, ina zai sa kansa a cikin maza? Rufin asirinsa ai nawa ne." Na tambaye ta babbar 'yarta, mai shekara goma sha ɗaya, wadda kullum nake gani da farantin ƙosai lokacin da sa'o'inta ke kan layin taron safe a makaranta. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce yarinyar aikin asibiti take so, kullum maganarta ke nan. Ta ce in Allah ya sa maigidan ya yarda ta kafa teburi a ƙofar gida ta riƙa sayarwa da kanta, to farantin zai sauka daga kan yarinyar. Ta yi masa maganar sau biyu. Ya ce shi ba ya ƙi, amma ta bari ya ga yadda zai gaya wa Hajiyarsa.